Ajin Jumma'a na Aljirif

Aljirif unguwa ce a bakin Shuɗin Nilu, kudu maso gabas da tsakiyar birnin Khartum. Kogi ya raba ta biyu, akwai Aljirif ta Yamma, akwai kuma Aljirif ta Gabas. A dā ƙauyen manoma ce, masu shuka a gaɓa bayan ruwa ya janye, kafin birni ya yi girma ya haɗiye ta. An san gefen gabas da sana'ar jan tubali. Shekara da shekaru ana ɗiban laka a bakin kogi, a cuɗa ta da kashin shanu, a buga, a shanya a rana, sa'an nan a jera a hura wuta kwana da kwanaki har tubalin ya yi ja. Gidaje masu yawa a Khartum da Umdurman da wannan tubali aka gina su. Mai wannan sana'a ya san abu guda wanda ya kamata kowane dattijon ikkilisiya ya sani, watau tubalin da aka shanya kawai ba a gasa ba yana da kyaun gani, amma damina ɗaya ta ishe shi.

Labarin nan na waɗansu matasa masu bi ne da suka tashi a wannan unguwa, da malamin da ya yi renonsu cikin bangaskiya. An sakaya sunayensu domin kada a jawo musu wahala.

Bishara ba baƙuwa ba ce a nan

Abu na fari da malamin yakan koya wa sabon yaro shi ne tarihin ƙasar da yake takawa. Dalili kuwa shi ne, yaran sun saba ji a makaranta da kan titi cewa addininsu na Turawa ne, jiya jiya ya zo. Sai ya buɗe musu Ayyukan Manzanni sura 8, inda Filibus ya gamu da ma'ajin sarauniya Kandakatu a hanyar Gaza. Ya gaya musu cewa Kandakatu sarautar sarauniyoyin Marawi ce, kangon birninsu kuwa yana nan arewa da Khartum, tafiyar kamar kilomita 200. Sa'an nan ya nuna musu hanyar Soba, wadda ba ta da nisa da Aljirif a bakin wannan kogi. Soba ita ce babban birnin mulkin Alwa. A shekara ta 580 wani bishop mai suna Longinus ya yi wa sarkinta baftisma, mulkin kuma ya zauna na Kirista kusan shekara 900, sai wajen shekara ta 1500 ya faɗi. Masu tonon tarihi sun iske harsashin manyan majami'u a wurin, da jan tubali aka gina su.

Daga baya aikin bishara ya sāke shigowa. Daniel Comboni na Katolika ya rasu a Khartum a 1881. 'Yan mishan na CMS sun iso a 1899, na Amurka kuma a 1900, su ne suka buɗe makarantar noma a Aljirif ta Yamma a shekarun 1920, filin da daga baya ya zama na makarantar Littafi Mai Tsarki ta ikkilisiyar Firesbiteriya. Mishan ta SUM, wadda ta fara aiki a Wase ta Nijeriya a 1904, ita ce ta shiga Haiban cikin Duwatsun Nuba a 1920. Ashe ke nan mai bi na Filato da mai bi na Haiban kakanninsu na bangaskiya ɗaya ne.

Yaron da ya san wannan, tafiyarsa ma takan sāke. Ba ya ƙara sunkuyar da kai in an tambaye shi sunansa ya ce Bitrus ko Yakubu.

Su wane ne waɗannan yara

Yawancinsu 'ya'yan gudun hijira ne. Yaƙin da ya tashi a 1983, wanda bai ƙare ba sai 2005, ya koro mutane ba iyaka daga kudu da Duwatsun Nuba zuwa Khartum. An tura waɗansu sansanonin bayan gari, kamar Mayo, da Jabal Auliya, da Wad al-Bashir da Darussalam a bayan Umdurman. Waɗansu suka raɓe a gidajen da ba a gama ginawa ba, suna gadi. Waɗansu suka shiga aikin tubali. Iyaye mata suna wanki a gidajen masu hali, ko sayar da shayi a gindin itace. A gida ana jin Moro, ko Dinka, ko Nuwer, amma yaran da Larabcin Khartum suka tashi, da shi suke mafarki.

Matsalarsu iri biyu ce. Ta ɗaya, talauci. Yaro ɗan shekara 14 da ya yini yana ɗaukar tubali a kā ba shi da sauran ƙarfin haddace aya. Ta biyu, doka. Sashe na 126 na dokar laifuffuka ta 1991 ya yanke hukuncin kisa ga Musulmin da ya bar addininsa. Duk Sudan ta ga yadda aka yanke wa Maryam Ibrahim wannan hukunci a watan Mayu 2014, kafin a sake ta bayan duniya ta yi ca. Saboda haka maganar ba da shaida ba wasa ba ce a wurin. Wanda ya yi magana yana cikin hatsari, wanda ya saurara kuwa hatsarinsa ya fi girma.

Ga kuma wani abu. Darasin addini yana cikin jarrabawar kammala sakandare, amma makarantun gwamnati da yawa ba su da malamin addinin Kirista. Tun da yake Lahadi ranar aiki ce a Sudan, Jumma'a kuwa ranar hutu, sai ikkilisiyoyi suka shirya azuzuwa ran Jumma'a, masu aikin sa kai suna koyarwa. Da yawa suna zuwa ajin ne don maki kawai. Malamin da ake magana a kansa ya ga cewa ƙofar da jarrabawa ta buɗe, almajiranci yana iya shiga ta cikinta.

Malamin da hanyarsa

Mutumin Duwatsun Nuba ne, bai wuce aji shida ba a makarantar mishan. Da dare yana gadi, da safiyar Jumma'a yana tsaye gaban allo a wata ƙaramar majami'a ta laka mai rufin kwano. Ba a biyansa ko sisi. Yaran suna ce masa Ustaz, shi kuwa yana kiransu 'ya'yana.

Ya raba lokacinsa kashi biyu. Sa'a ta fari ta manhajar jarrabawa ce, ba ya wasa da ita, gama ya ce ba daidai ba ne yaro ya iya addu'a amma ya faɗi jarrabawa saboda sakacin malami. Sa'a ta biyu yakan ajiye alli ya zauna a benci tare da su, ya yi tambaya ɗaya tak: me aka tambaye ku a wannan mako? Da fari sai shiru. Sannu a hankali bakuna suka buɗe. Wata ta ce an tambaye ta don me Kirista ke cewa Allah uku ne. Wani ya ce an ce masa an canza Linjila. Wani ya ce abokinsa ya tambaye shi ko gaskiya ne Kirista ba sa wanka kafin sujada. Sai su buɗe Littafi tare su nemi amsa, malamin ya sa mai tambayar ya faɗi amsar da bakinsa, har sau biyu ko uku, sai ta zauna masa.

Yana da ƙa'idodi huɗu, kowane ɗan aji ya san su.

Ta ɗaya, kada ka faɗi abin da ba ka sani ba. In an yi maka tambayar da ta fi ƙarfinka, ka ce za ka tambayo. Ƙarya ba ta gina mulkin Allah.

Ta biyu, kada ka zagi addinin kowa, ko annabin kowa, ko littafin kowa. Ya kafa wannan a kan wasiƙar Bitrus ta fari sura 3, inda aka umarci mai bi ya zauna a shirye ya ba da dalilin begensa ga mai tambaya, amma da tawali'u da ladabi.

Ta uku, halinka ya riga bakinka isa. Wanda ke satar amsa a jarrabawa, ko ya rage awo, ya riga ya yi wa'azinsa, ba mai sauraron na biyu.

Ta huɗu, kada ka jefa mai tambaya cikin rami. In wani ya zo maka a asirce, asirinsa amana ne. Kada ka kai labarinsa dandali don a yabe ka.

Akwai wani saurayi ɗan shekara 16 mai zafin kai, mai kaifin baki. Wata rana ya zo aji yana murna, ya ce ya kayar da 'yan ajinsu uku a gardama, har ɗaya ya yi kuka. Yana jiran yabo. Malamin ya dube shi ya ce, "Ɗana, wanda ya yi kukan, gobe zai zauna kusa da kai?" Saurayin ya ce, "A'a, Ustaz, ba ma ya gaishe ni." Malamin ya ce, "To, ka ci gardama, ka yi hasarar mutum. Almasihu ba don gardama ya mutu ba." Ya umarce shi ya je ya nemi gafara. Wannan ya yi wa saurayin nauyi fiye da ɗaukar tubali ɗari, amma ya je.

Shaidar da ba ta da ƙara

Mai karatu na ƙasar Hausa zai so ya san cewa akwai Hausawa masu yawa a Sudan, har da Khartum da Umdurman. Jikokin alhazai ne da suka taso da ƙafa daga Kano, da Katsina, da Sakkwato, suka yada zango a hanya, da kuma jikokin waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Mutanen Sudan sukan haɗa su da Fulani da Barebari su ce musu Fallata. Kusan dukansu Musulmi ne.

Wannan saurayi mai zafin kai yana aiki a wurin gasa tubali tare da wani tsoho Bahaushe mai amalanken jaki. Idon tsohon ya yi rauni, ba ya iya ƙirga tubalin da ake loda masa, yara kuwa sun saba cutarsa. Saurayin ya ɗauki wannan ƙirga a kansa, ba wanda ya sa shi. Wata rana aka yi kuskure aka ƙara wa tsohon kuɗi, wata rana kuma aka rage, duka biyu ya faɗi gaskiya. Da azumi ya zo, ba ya shan ruwa a gaban tsohon, sai ya koma bayan tarin tubali. Bayan wata da watanni, tsohon ya kira shi ya ce, "Yaro, zo nan. Wa ya koya maka wannan hali?" Ya durƙusa ya ce, "Baba Alhaji, ba halina ba ne, dā ni mai faɗa ne. Yesu Almasihu nake bi, shi ne yake gyara ni." Tsohon ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Bai bar addininsa ba, ba a kuwa nemi ya bari a wannan rana ba. Amma tun daga ran nan, in an zagi Kirista a gabansa yakan ce shi dai ya san guda ɗaya, bai kuwa ga abin zagi ba. Shuka na mai shuka ne, girma na Allah ne.

Akwai kuma yarinya 'yar shekara 14, 'yar mai shayi, mai kunya ƙwarai, ba ta iya ɗaga murya a aji. Ta ce wa malamin ita ba ta da baiwar wa'azi. Ya karanta mata labarin ƙaramar baiwar nan ta gidan Na'aman a Sarakuna na Biyu sura 5, wadda aka kamo daga ƙasarta, ba a ma rubuta sunanta ba, amma magana ɗaya da ta yi wa uwargijiyarta ta kai jarumin Suriya ga warkewa. Ya kuma ba ta labarin Bakhita, 'yar Darfur da aka sace tana ƙarama aka sayar a kasuwannin bayi har Khartum, wadda ikkilisiyar Katolika ta sa cikin tsarkaka a shekara ta 2000. Sa'an nan ya ce, "'Yata, ga yara biyar ƙanana, ba su iya karatu ba. Naki ne." Ta fara da rawar murya. Bayan shekara biyu ita ce ke riƙe da makarantar Lahadi duka.

A nan asirin hanyarsa yake. Ba ya barin matashi ya zama ɗan kallo. Kowane ɗan shekara 16 yana da ɗan shekara 12 da yake lura da shi, ya san gidansu, ya bi sawunsa in bai zo ba. Bibbiyu suke zuwa gaida marasa lafiya, gama zumunta a ƙafa take. Su ke karanta nassi a sujada, su ke ƙirga baiko tare da dattijo. Waɗansu dattawa suka yi gunaguni, suka ce yara ba su isa ba. Malamin ya tuna musu da Timoti, ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wanda kuwa aka hana shi ɗaukar ƙaramin kaya yau, gobe ba zai iya babba ba.

Sa'ad da wuta ta zo

Ran 9 ga Yuli 2011 Sudan ta Kudu ta sami 'yancin kai. 'Yan kudu suka zama baƙi a garin da aka haife su. Iyalai suka yi ta ɗaure kaya, bencin ajin Jumma'a ya yi ta zama wofi. A Duwatsun Nuba kuwa yaƙi ya sāke tashi tun watan Yuni na wannan shekara. Sa'an nan ran Asabar 21 ga Afrilu 2012, ana cikin zafin faɗan Hijlij tsakanin ƙasashen biyu, taron mutane ya afka wa filin ikkilisiyar Firesbiteriya a Aljirif ta Yamma. Aka sa wa majami'a da makarantar Littafi Mai Tsarki wuta, aka ƙone littattafai. Labarin ya kai ko'ina a duniya.

Jumma'ar da ta biyo baya, ajin bai yi karatun jarrabawa ba. Zukatan samarin suna tafasa. Wani ya ce, "Ustaz, har yanzu za ka ce mu yi tawali'u?" Malamin bai tsauta masa ba, gama fushin yana da dalili. Ya bar su suka fitar da abin da ke ransu. Sa'an nan ya tambaye su ko sun ji cewa bayan gobarar waɗansu Musulmi sun je filin sun yi jaje, sun kuma yi tir da abin da aka yi. Sun ji. Ya ce, "To, in kun ce dukansu ɗaya ne, kun yi ƙarya, kun kuwa zama kamar masu cewa dukanmu ɗaya ne. Su sun ƙone takarda. Abin da kuka haddace, wa zai ƙone shi?" A ran nan ya sa kowa ya faɗi abin da ya riƙe a ka, ɗaya bayan ɗaya, suka ƙare da addu'a domin masu sa wutar. Ba duka suka iya cewa amin ba. Waɗansu sai bayan shekara suka iya. Malamin bai tilasta musu ba, gama gafarar dole ba gafara ba ce.

Bayan faɗuwar mulkin Umar al-Bashir a 2019 aka sami sauƙi. A wannan shekara aka mai da Kirsimati ranar hutu, a watan Yuli 2020 kuma aka soke hukuncin ridda. Amma sauƙin bai daɗe ba. Ran 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a tsakiyar Khartum tsakanin sojojin ƙasa da dakarun RSF. Fiye da mutum miliyan 10 suka bar gidajensu a ƙasar. Masallatai da majami'u duka sun sha wuta. Unguwannin Khartum suka zama fagen fama har zuwa watan Maris 2025, sa'ad da sojoji suka karɓe birnin.

'Yan ajin Jumma'a, waɗanda a lokacin sun zama magidanta, suka warwatse. Wasu Masar, wasu Renk a Sudan ta Kudu, wasu Bur Sudan, wasu suka koma duwatsun kakanninsu da ba su taɓa gani ba. Waɗanda suka rage suka shiga aikin ɗakunan girki na unguwa da ake kira takaya, inda matasa, Musulmi da Kirista, ke dafa wake ko adas a babbar tukunya ɗaya su raba wa mai yunwa ba tare da tambayar addininsa ba. Yarinyar nan mai kunya, a inda gudu ya kai ta, ba fasto, ba majami'a, ba allo. Ta tara yara a gindin itace ta fara da biyar, kamar yadda aka fara da ita. Haka aka rubuta game da masu bi na fari a Ayyukan Manzanni sura 8, cewa warwatsuwar da aka yi musu ita ta baza maganar.

Abin koyi ga ikkilisiyoyin ƙasar Hausa

Matashin Kirista a Kano, ko Katsina, ko Zariya, ko Maraɗi, ya san wani abu na wannan rayuwa. Shi ma sau da yawa shi kaɗai ne a ajinsu. Shi ma ana yi masa tambayoyin da ko fasto sai ya yi tunani. Ikkilisiyoyin arewa suna da kayan aiki masu kyau, akwai FCS da aka kafa a Gindiri a 1957, akwai Sabon Rai Don Kowa, akwai zumuntar matasa da ƙungiyar mawaƙa a kusan kowace majami'a. Amma yawan taro ba shi ne almajiranci ba. Yaro yana iya yin shekara goma yana kaɗa ganga a sujada, ba wanda ya taɓa zama da shi ya tambaye shi abin da ke damunsa.

Saboda haka bari dattawa su auna kansu da waɗannan tambayoyi. Akwai lokacin da matashi zai kawo tambayarsa ba tare da an ce ya yi rashin bangaskiya ba? An ba shi aikin gaske, ko sai share majami'a da jera benci? An koya masa ya girmama maƙwabcinsa Musulmi, ko tsoro da ƙiyayya kawai ya gāda? In yau aka rufe majami'a, aka kori fasto, me zai rage a zuciyarsa?

Ku kuma samari da 'yan mata, kada ku jira sai kun yi furfura ko kun je makarantar tauhidi. Ku san abin da kuka gaskata. Ku riƙe gaskiya a jarrabawa, da kasuwa, da wayar da ke hannunku. In an tambaye ku, ku amsa da ladabi, kada ku ji kunyar sunan Yesu. Kowannenku ya nemi ƙane ɗaya ko ƙanwa ɗaya ya riƙe hannunsa. Ku kuma tuna da 'yan'uwanku na Sudan cikin addu'a, Kirista da Musulmi, domin Allah ya kawo ƙarshen zub da jini a ƙasarsu.

Ubangiji ya tā da malamai masu haƙuri a kowace ikkilisiya, ya kuma ba matasa zuciyar da za ta tsaya a ranar gwaji. Amin.